Makon da Waƙoƙina Suka Tafi Coci

Ko da zan manta da abubuwa da yawa na rayuwata, makon da littafina na farko ya fito ba zai taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, na sake fitar da wasu littattafan, amma har yau idan aka miƙo mini sabon littafi daga maɗaba'a, hannuna ba ya tsayawa a bango, tsakiya yake fara nufa. Ga abin da ya jawo haka.

A lokacin ina aiki a wata gonar gwaji a Samaru, inda muke gwada irin masara da dawa. Aikina shi ne bin kunya-kunya da littafi a hannu, ina auna tsayin kara, ina rubuta ranar da kowane iri ya fitar da kai. Shafukan gaba na littafin na aikin ofis ne, na baya kuwa nawa ne. A nan nake rubuta waƙoƙi idan rana ta take na samu inuwa. Na yi wa ruwan farko waƙa, na yi wa tsutsar da ta cinye mana gwajin shekara guda, na yi wa mai kokon da ke bakin ƙofar gonar. Na kuma yi wa maiɗakina guda bakwai waɗanda ban taɓa nuna mata ba, domin ni mutum ne da bakina ke nauyi a gida. Abin da na kasa faɗa mata muna zaune a tabarma ɗaya, sai in je gindin bishiya in faɗa wa takarda.

Da waƙoƙin suka taru, wani tsohon malamina na Hausa ya karanta, ya gyara abin da zai gyara, ya ce su fita su sha iska. Shi ya haɗa ni da wani mai ɗab'i a Sabon Gari. Mutumin asalin iyayensa daga kudu suke, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausar bakinsa kuwa ko ni sai in yi da gaske. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka na bi. Shagonsa ɗaki biyu ne, injin a ciki, shi da matarsa a waje suna naɗe takardu. Yawancin aikinsa katin biki ne da kalanda da takardun coci. Littafina ɗan siriri ne, irin wanda ake ninke takardu a ɗinke su da fil biyu a tsakiya kamar littafin rubutun 'yan makaranta. Na tsara shi yadda waƙoƙin maiɗakina za su faɗo a tsakiya cif, inda littafi ke buɗewa da kansa.

Muka sa ranar Asabar za a ƙaddamar da shi a zauren wata makarantar firamare a Samaru. Na gayyaci abokan aiki da dangi, limamin unguwarmu ya karɓi buɗe taro da addu'a, malamina kuma zai yi sharhi. Sai wuta ta yi ta wasa da mu a makon, kullum na kira Oga sai ya ce in ƙara haƙuri. Ranar Alhamis da hantsi ina tsakiyar masara wayata ta yi ƙara.

"Malam, littafinka ya fito," in ji shi. "Zo ka ga ɗanka."

Ban san lokacin da na bar ma'aunin a kan kunyar masara ba. Ko takalmin gona ban canja ba na nemi izini na tari bas. Da na isa shagon, Oga ya yanka igiyar kwali ya zaro guda ɗaya ya miƙo mini da hannu biyu. Bangon kore ne, ga sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, ga hotona a baya na sha babbar riga ina kallon nesa kamar mai tunanin duniya, alhali mai hoton ne ya ce in kalli ƙusar da ke jikin bango. Na shinshina shi. Na shafa sunana da yatsa. Na buɗe shafin farko na ga sadaukarwa, na juya na sake kallon hoton. Oga ya ce in zauna in duba ciki da kyau kafin in tafi. Na ce masa ai ni na rubuta, na san abin da ke ciki. Wannan maganar tawa har yau matarsa tana tuna mini ita idan mun haɗu.

Na ɗauki guda goma, na ce gobe zan zo da mota a kwashe sauran. A cikin bas na zauna kusa da taga, na riƙe ɗaya a tsaye yadda hoton zai fuskanci jama'a, na kuma gyara fuskata ta yi daidai da ta hoton. Daga Sabon Gari har Kwangila babu wanda ya ko kalle ni. Wani ɗalibi da ke gefena ya ce, "Sori Malam, ɗan gyara ƙafarka," ya koma kan wayarsa. Can wata mata mai goyo da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce in ara mata littafin. Na miƙa mata ina murmushi, na shirya amsar da zan ba ta idan ta ce ashe ni ne. Ta karɓa ta shiga yi wa jaririnta fifita da shi har muka iso Samaru. Da za ta sauka ta mayar mini ta ce Allah ya saka da alheri, yana da iska. Wannan ne yabo na farko da littafina ya samu a duniya.

Na shiga gida na tarar da maiɗakina tana tsince shinkafa. Na tsaya a kanta na miƙa mata littafin. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta dubi hoton ta yi dariya ta ce wa ya ɓata mini rai a ranar. Na ce ta buɗe tsakiya, akwai saƙonta a wurin. Na juya baya ina gyara hular da babu abin da ya same ta, ina jiran in ji abin da za ta ce.

Da na waiwayo sai na ga ta kai littafin kusa da ido, tana juya shafi tana dawowa.

"Malam," ta ce, "yaushe ka shiga zumuntar mata?"

Na karɓa na duba. A inda waƙar farko ta maiɗakina ya kamata ta kasance, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa waƙar shiga ce ta taron shekara na matan zumunta. A ƙasa ga baitoci na yabon Yesu, ga amshi, ga umarnin inda za a tafa. Na juya, waƙar godiya. Na sake juyawa, waƙar baiko. Shafi goma sha shida cur, sannan waƙata ta tsutsar masara ta ci gaba kamar babu abin da ya faru. Na buɗe na biyu, haka. Na buɗe duka goman a tsakar gida, duk haka suke.

Na zauna a kan turmi. Abin da ya fara zuwa mini shi ne limaminmu a kan babban tebur ranar Asabar, ya gama addu'a, ya buɗe littafin, littafin kuma ya buɗe kansa a tsakiya yadda na tsara. Maiɗakina ce ta hango abin da ban hango ba.

"To idan nasu na cikin naka," ta ce a hankali, "naka yana ina?"

Nan gumi ya karyo mini. Waƙoƙi bakwai, a ciki har da wadda na yi wa wushiryarta da wadda na yi wa tafiyarta idan ta ɗauko ruwa, suna can cikin littafin waƙoƙin ibada na wasu mata da ban san su ba. Yanzu abin dariya ne, amma a ranar ban ga abin dariya ba. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san ƙaramin abu irin wannan yana iya girma idan ya faɗa bakin wanda ba ya nufin alheri. Wani zai ce an yi wa addininsa izgili, wani ma zai ce nasa aka yi wa, kafin a tsaya a ji yadda aka yi magana ta yi nisa.

Na yi azahar na koma Sabon Gari. Oga yana ganina ya fara murmushi, ya ɗauka ƙari na zo ɗauka. Na buɗe masa tsakiya na ajiye a tebur. Ya duba, bai ga komai ba. A nan na gane cewa duk iya Hausar nan tasa a baki take, karatunsa na Turanci ne. Shafin Hausa a wurinsa duk ɗaya ne, layuka gajeru da ƙugiyoyi a kan haruffa. Da na karanta masa layi biyu sai ya dafe kai da hannu biyu ya kira matarsa. Suka yi magana da harshensu da sauri da sauri, sannan ya juyo ya yi mini bayani. Aiki biyu ne suka zo masa a mako ɗaya, girman takarda ɗaya, yawan shafi ɗaya, duka waƙoƙi, duka da Hausa. Da wuta ta dawo suka buga su a jere, wajen haɗawa tulin tsakiya na wannan ya koma na wancan.

"Shekara ashirin ina yi wa matan nan aiki," ya ce. "Mama za ta kashe ni."

Mama ita ce shugabar matan zumuntar, kuma tun ranar Laraba ta aiko aka kwashe nasu, domin taronsu ranar Lahadi ne. Oga ya kira wayarta sau uku ba ta ɗauka ba. Ya rufe shago, ya tayar da babur ɗinsa, na hau baya da takalmin gona, muka nufi Unguwar Gabas. A hanya yana ta maimaita yadda zai fara ba ta haƙuri, ni kuwa ina addu'a Allah ya sa ba a kwance kwalin ba.

An kwance. Mun same ta a tsakar gidanta a gindin mangwaro, dattijuwa mai jiki, tsohuwar malamar firamare, tabarau rataye da zare a wuya, littafi ɗaya buɗe a cinyarta. Oga ya durƙusa tun daga ƙofa. Ta bar shi ya yi ta magana har ya gaji. Da ya yi shiru ta sa tabarau ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne mai gishirin?"

Ban gane ba sai da ta ɗaga littafin ta karanta, da muryar malamar da ta saba karanta wa aji:

"Ran da ta yi fushi gishiri kan zarce cikin miya,
Sai in shanye tas, in ce a ƙaro, don a shirya."

Na ce ni ne, Mama, a yi haƙuri. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

"Zauna, ɗana," ta ce. Ta sa aka kawo mana ruwa. Ta ce jiya da yamma suka taru gwajin waƙa, mai ba da waƙa ta buɗe tsakiya ta ja numfashi za ta fara, sai ta tsaya. Suka yi ta kallon juna. Wata ta ce ko sababbin waƙoƙi ne aka aiko daga hedikwata. Daga ƙarshe suka zauna suka karance bakwai ɗin duka, gwajin da ba a yi ba ke nan. Ta ce ba ta ɗauki wayar Oga ba ne don tana so ya tako da ƙafarsa, kuma ta san duk inda mai waƙoƙin yake zai biyo shi, tana son ta ga fuskarsa.

Sannan ta koma kan Oga, ta yi masa faɗa sosai, irin faɗan uwa, ba ta rage masa komai ba. Ta ce da a hannun wasu abin ya faɗa, da yanzu wani zance ake yi. Da ta gama ta tambaye shi ko za a iya sake bugawa kafin Asabar. Ya ce ko da wuta ta tsaya, takarda ba za ta isa ba. Ta juya littafin ta dubi fil ɗin tsakiya, ta sa farce ta ɗaga ɗaya.

"Wannan ai aikin hannu ne," ta ce. "A buɗe, a zare, a mayar da kowa gidansa. Gobe da safe ka kawo nashi nan, ka zo da abin ɗinkinka. Ni zan kawo hannuwa." Ta dube ni. "Kai kuma ka zo mani da mai miyan."

Matsala ɗaya ta rage. Ta riga ta raba guda ashirin ga masu ba da waƙa na unguwannin Muchia da Jama'a don su yi gwaji a gida. Ta ce wannan nata ne, za ta aika a karɓo.

Da na faɗa wa maiɗakina cewa ana nemanta, ta ce babu inda za ta je, da wane ido za ta kalli matan da suka karanta abin da ita ba ta karanta ba. Amma da safe na ga ta riga ni shiri, har da ƙosai a kwano.

Ranar Juma'ar nan ita ce ranar da na fi tunawa. Mata kusan goma sha biyar a kan tabarmi a gindin mangwaro, kwalaye a tsakiya. Wasu na buɗe fil da bakin cokali, wasu na zare shafukan tsakiya, maiɗakina da matar Oga suna jera kowane tuli a gefensa, Oga na ɗinkewa, ni kuma aka ba ni aikin da ya kamata in yi tun jiya, wato duba kowane littafi shafi bayan shafi kafin a sa shi a kwali. Da farko maiɗakina ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ba a yi awa ɗaya ba na ji ta tana gardama da wata a kan yadda ake jiƙa wake.

Suna aiki suna rera waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa. Can sai Mama ta ɗauki shafina ɗaya ta ɗora wa waƙar gishiri wata murya tata, sauran suka karɓa da amshi kamar sun shekara suna yin ta. A haka maiɗakina ta fara jin waƙar da na yi mata, daga bakin mata goma sha biyar, da tafi. Ta rufe fuska da shafukan da ke hannunta, kafaɗunta na rawa. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Da suka kai ƙarshe ta sauke takardun ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Yanzu duk Zariya ta san miyata." Wata daga cikin matan ta ce mata ta gode wa Allah, nata mijin ko gishirin bai taɓa lura da shi ba.

Mama ta kira ni gefe ta nuna mini layi na biyu. Ta ce kalmar "tas" ɗin nan tana sa harshe tuntuɓe, duk lokacin da suka zo wurin sai numfashi ya yanke. Na fara yi mata bayanin ma'aunin waƙa yadda na koya. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta dai san abin da ke shiga baki, in rera in ji. Na rera a hankali. Gaskiyarta ne. Ni da malamina mun bi layin nan da ido ya fi sau goma, babu wanda ya taɓa ɗaga murya ya faɗe shi.

Da rana ta yi tsaka Mama ce ta dubi agogo ta ce, "Malam, tashi ka tafi masallaci kada ka rasa, aikin ba zai gudu ba." Na je na dawo na tarar sun kusa gamawa. Kafin la'asar kowane littafi ya koma yadda aka nufa. Daga cikin ashirin ɗin da aka raba, goma sha bakwai ne suka dawo. Na tambayi sauran ukun, hankalina a tashe. Mama ta ce masu su sun ce sun neme su sun rasa. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin zani, ta ce ta san matan nan tun suna 'yan mata, ba su taɓa ɓatar da ko allura ba, amma ta ja musu kunne, a ƙarƙashin katifa za su tsaya. Saboda haka littafina guda uku suka rasa tsakiyarsu, na ajiye su a gida ban fitar ba.

Ranar Asabar aka yi taro lafiya. Liman ya yi addu'a, malamina ya yi sharhi mai tsawo, aka ci aka sha. Mama ta zo da mata huɗu cikin anko, suka zauna a layi na biyu kusa da maiɗakina, Oga kuma ya tsaya a baya kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Da aka ce in karanta waƙa ɗaya na zaɓi ta gishiri, na tsallake "tas" duk da tana nan a rubuce. Na ɗago ido na ga Mama ta gyaɗa kai sau ɗaya. An yi mini tafi da yawa a ranar, amma wannan gyaɗa kan ne na tafi da shi gida.

Abin da makon nan ya koya mini bai tsaya ga duba aiki kafin a yi murna ba, ko da yake wannan ma na koye shi da kyau. Da ina ganin ni na san waɗanda na rubuta wa waƙoƙina, na san wanda zai gane su da wanda ba zai gane ba. Sai ga shi waɗanda suka fara karanta su da zuciya ɗaya, suka ji daɗinsu, har suka gyara mini kuskure, mutane ne da ko a mafarki ban sa su cikin masu karatuna ba, kuma da sun so da sun mayar da abin fitina. Tun daga lokacin na daina zaɓar wa rubutuna masu karatu, na kuma daina yanke wa mutum hukunci kafin in zauna da shi a tabarma ɗaya. Idan na gama waƙa yanzu, nakan rera ta da ƙarfi in ji ko tana shiga baki, sannan in sake ta ta tafi duk gidan da Allah ya nufe ta da shi.